Kawu Kafinta da Sojansa Mai Bille

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, bayan La'asar, na leƙa ta tagar gidansa na unguwar Ammariyya a Jidda. Maza sun cika lungu a kan kujerun da aka jera, kowa da carbinsa. Baffa, yayan mahaifina, shi kaɗai ne babu carbi a hannunsa. Wani ɗan abu ja yake jujjuyawa a tsakanin yatsu, in mai gaisuwa ya iso sai ya damƙe shi a hagu ya miƙa dama. Na ƙura ido har sai da ya sake buɗe tafin. Sojan katako ne, tsawon ɗan yatsa, da jar dara a kansa. Shekara goma sha ɗaya rabon da in ga sojan nan, kuma ni na yi masa fenti da hannuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansa muka zauna ni da ita tun rasuwar mahaifina, ina 'yar shekara tara. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Uwata".

Umma ba ta zubar da hawaye ba ranar, har sai da aka kawo mata guntun fensirin da aka cire daga bayan kunnensa a asibiti. Matarsa, wadda muke kira Hajja, ta zauna a kan darduma tana amsa gaisuwa baki biyu, maƙwabta Larabawa da tasu addu'ar, namu kuma da "Ya haƙuri?" Can sai ta dubi Umma ta ce, "Shekara talatin yana ce mini gobe zai mayar mini da ƙofata. To, ga goben ta zo." Mata suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. A gefe kuwa ana ta raɗa: ga Baffa can ya zauna a kujerar farko yana karɓar gaisuwa, shi da ya shekara goma sha ɗaya bai taka matattakalar gidan nan ba, iyakarsu da Kawu musabahar masallaci. Wata baƙuwa ta matso kusa da ni ta ce, "Wace ƙofa take nufi? Kuma me ya haɗa tsofaffin?" Amsar da ban ba ta ba ranar, ita nake rubutawa yanzu, don kada 'ya'yana su tashi su ji sunan Kawu kawai a cikin addu'a.

Ƙofar ta ɗakin ajiyar Hajja ce. Wata rana Kawu ya kwance ta, wai zai gyara mata gindi, ya hau da ita saman bene, ya ɗora ta a kan jakunan katako biyu, ya kewaye ta da baki, ya zuba mata yashin da ya ɗebo a bakin teku. Shi ke nan ta zama filin yaƙi. Kawu kafinta ne, haihuwar Maiwurno ta ƙasar Sudan, ya tsallako Jidda yana saurayi. Guntayen katakon da suka rage a shago ba ya zubarwa. Yana zaune yana hira, wuƙa tana aiki, kafin shayi ya huce ya fitar da mai mashi ko mai kwari da baka. Ganuwa da kwali yake yinta ya shafe da jar ƙasa, rijiya murfin kwalba ce, itatuwa kuwa soso ne da aka tsoma a koren fenti.

Duk Juma'a daga La'asar zuwa Magariba majalisa tana zama a kan benen. Ba su wuce mutum takwas zuwa goma ba: direbobi biyu, wani tela ɗan Nijar, mai gadin wata makaranta, da Baffa, wanda ke tasowa tun daga unguwar Waziriyya. Yaƙe-yaƙen da suka ji a bakin tsofaffi suke sake bugawa. Kawu ne alƙali, bai taɓa riƙe runduna ba. Da zare mai ƙulle-ƙulle yake auna nisan da kibiya ko harsashi zai kai. In za a yi harbi, maɓallan riga biyar ake watsawa a faranti, kowanne gefe ɗaya fari ɗaya baƙi, yawan fararen shi ke nuna ƙarfin harbin. Wanda zai riƙe wane ɓangare kuwa, ƙuri'a ce: ƙwallon dabino biyu a cikin 'yar jaka, ɗaya da jan fenti, ɗaya haka nan. Abin da ka jawo shi ne naka. Yakan ce, "Wanda bai taɓa tsayawa ta wancan gefen tebur ba, rabin tebur ya sani."

Limamin unguwa ya taɓa hawowa da kansa, ransa a ɓace, don an ce masa Takaru, kamar yadda ake kiran mutanenmu a nan, sun tara gumaka suna caca. Kawu ya ba shi shayi, ya miƙa masa soja ɗaya ya ce, "Ya shehi, duba mini fuskarsa." Liman ya juya, ya juya, babu ido babu hanci. "Fuska aikin Allah ce," in ji Kawu, "ni iyakata riga da rawani." Liman ya tsaya kallo har Magariba, yana ta ba direba shawarar ya ɓoye 'yan baka a bayan rijiya.

Ni ce mai fenti. Tun ina shekara goma sha biyu Kawu ya gane hannuna ba ya rawa. Ina zama a ɗakin wanki na kan benen, mai 'yar taga da ke kallon tebur, burushi a hannu ɗaya, littafi a buɗe a cinya. Littattafan soyayya ne da alhazai ke kawo wa wata maƙwabciyarmu daga Kano, in ta gama ta ba ni. Na karanta su har na haddace yadda saurayi ke shigowa cikin labari: ƙamshin turare ya riga shi, farar shadda, mota mai baƙin gilashi. Kawu yakan leƙo ya ce, "Uwata, yau wa ya suma, yarinyar ko yaron?" In na rufe fuska sai ya ƙara da cewa, "Ki dai kula mini da rawunan nan, kada hawaye ya ɗiga a kansu."

Nawa saurayin da tsani a kafaɗa ya shigo, rigarsa duk gumi. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, ɗan Zariya, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, yana da shago a unguwar Ruwais. Ya hau benen wata Juma'a don duba injinmu, ya ga tebur, ya manta da abin da ya kawo shi. Yana da bille a kuncin hagu, siririn layi daga gefen hanci. Ban ji ƙamshin komai ba sai na man inji, amma ranar na shafa wa rawuna uku launin da ba nasu ba. Ya zama ɗan majalisa. Bayan wata shida ya aiko manyansa, Umma ta ce a je wurin Baffa, don shi ne uba, shi ke da bayarwa. Baffa ya duba iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasa, ya tambayi limaminsu na Ruwais, ya ce a dawo bayan Hajji a sa rana. Saurayin nan shi ne yau baban yarana, don haka ba zan kama sunansa ba.

Akwai yaƙi ɗaya da ba a bugawa sai sau ɗaya a shekara, Juma'ar farko bayan alhazai sun watse. Shi ne yaƙin da kakanninmu suka yi da Nasara a bakin ganuwa, wanda bayansa waɗanda suka tsira suka nufi gabas da ƙafa har Sudan. A gefe ɗaya namu, fararen riguna, fuskoki a rufe da amawali. A ɗaya gefen sojan Nasara, baƙar fata masu jar dara, da Bature ɗaya a bayansu, da bindiga mai ruwa wadda Kawu ya yi da bututun biro. A cikin namu akwai mai shuɗin rawani, riƙe da tuta a bakin ƙofar gabas. Kakan Baffa ne. A nan ya tsaya har aka harbe shi, matarsa ta fice da jariri a goye, jaririn shi ne mahaifin Baffa da mahaifina. Saboda haka a wannan yaƙin Baffa ba ya jan ƙuri'a, namu nasa ne kullum. Yana da wata dabara da ya yi shekaru yana gwadawa, ta afka wa bindigar ta hagu kafin a gama kafa ta. Yakan buga tebur ya ce, "Da sun yi haka, wallahi da yanzu muna gida!"

Kuma akwai al'ada. In namu ya faɗi, ba a ture shi. Ana ɗaukarsa da hannu biyu a kwantar a gefen tebur, a kan damansa, yana fuskantar alƙibla, a rufe da farin ƙyalle. In mai jar dara ya faɗi, gwangwanin madara ne a ƙarƙashin tebur, a jefa shi, ƙwal.

Ga laifina. Masu jar dara su kaɗai ne fuskarsu ke buɗe, katako fili. Wata rana, sati biyu kafin wasan, ina sabunta musu fenti, zuciyata tana Ruwais. Na ɗauki burushi mafi siriri na ɗiga wa ɗaya ido biyu. Na ja masa ɗan layi a kuncin hagu. Na ce a raina babu mai gani, zan goge gobe. A littattafaina yarinya takan ɓoye hoton masoyi a ƙarƙashin matashi, ni a cikin runduna na ɓoye nawa. Ban goge ba.

Juma'a ɗaya kafin wasan ana jera sojoji don a ga waɗanda suka karye. Ina ɗakin wanki. Na ga baban yarana ya ɗauki sojan, ya kai kusa da ido, ya fashe da dariya.

"Kai! Baba, wannan ai ɗan gidanmu ne. Ga billenmu nan. Kakan babana ke nan, wallahi."

Tela ya ce, "Kamar yaya kakan babanka?"

"Ai soja ne. Da su aka yi wannan yaƙin. Har yau jar dararsa tana cikin akwatin kakata a Zariya."

Da fara'a ya faɗa, kamar mai ba da labarin ɗan'uwa da ya je Makka da ƙafa. A can gida abin hira ne. Bai san cewa a nan, tsakanin jikokin waɗanda suka gudo, wutar ba ta mutu ba, toka ce kawai a kanta. Benen ya yi tsit, har ana jin injin sanyaya ɗakin da ya gyara yana gurnani.

Baffa ya ajiye kofin shayi a hankali. "Maimaita."

"Baba, na ce..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba." Ya miƙe, ya gyara hula. "Jinin da ya harbi kakana ba zai gauraya da na ɗan'uwana ba ina raye. Khalas, magana ta ƙare. Ka gaya wa manyanka kada su wahalar da ƙafarsu." Ya juya ga Kawu, ya kira shi kafinta da Larabci yadda ya saba. "Kai kuma, ya najjar, kai da ba ka yin fuska, wa ya yi wannan?"

Kawu bai dubi tagar ɗakin wanki ba ko sau ɗaya. Ya ce, "A tebur ɗina yake. Ni ke da shi."

Satin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Umma ta je Waziriyya ta dawo da jajayen idanu. Ta roƙi Kawu ya sa baki, ya ce, "Kawu ba ya bayar da 'ya, kin sani. In na je da baki, zai ce dangin uwa sun raina shi, abin ya ƙara ƙulluwa." Ni kuwa ina jiran faɗa. Ranar Laraba ya shigo ɗakin wanki ya same ni ina kuka a kan littafi. Ya zauna a kan bokiti ya ce, "Uwata, kin ga abin da ya sa ba na yin fuska? Da zarar ka yi wa abu fuska, jefa shi a gwangwani ya zama aiki." Na ce zan goge. Ya ce, "Bar shi yadda yake." Ranar Juma'a da hantsi ya dawo ya ce in ba shi jan fenti da ƙaramin burushi. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka wata dara ce ta goge.

Yadda Kawu ya shawo kan Baffa ya zo, daga baya na ji. Waya ya yi masa ya ce, "Sarkin Yaƙi, jikan mai jar dara zai zo gobe. In kana da abin ramawa, ga fili ga doki. In kuma tsufa ya zo, sai in ce wa majalisa ba ka da lafiya."

Ranar zafi ya yi nauyi, iskar teku ta tsaya cak. Mutane sun fi na kullum. Baban yarana yana tsaye a ƙarshen tebur kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Baffa ya iso bai dube shi ba, ya wuce kai tsaye gefen namu, ya kai hannu zai gyara tutar kakansa. Sai Kawu ya ɗaga 'yar jakar.

"Yau kowa zai ja."

"Ni ba na ja a wannan yaƙin, ka sani."

"Da can da yara kake bugawa. Yau jika da jika ne, babu mai fifiko. Ko Sarkin Yaƙi yana tsoron ƙwallon dabino?"

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Dokar majalisa kuwa kowa ya san ta, wanda ya ƙi ƙuri'a ya sauka, ba ya ƙara hawowa. Baffa ya tura hannu cikin jakar, babba shi ke fara ja. Ya fito da shi a dunƙule, ya buɗe. Ja. Ya daɗe yana kallon tafinsa, ya murza babban yatsa a kan manuni, ya ɗaga kai ya dubi Kawu. Kawu ya cusa jakar a aljihu ya ce wa baban yarana, "To, kai namu ne yau. Yalla, rana tana tafiya."

Na tabbata Baffa zai sauka. Na riƙe ƙarfen taga har ya yi mini shaida a hannu. Amma ya zagaya tebur, a hankali, ya tsaya a bayan masu jar dara.

Da farko da gefen yatsa yake tura su, kamar mai kawar da ƙazanta. Baban yarana kuma ya matso bayan namu. Abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki mai shuɗin rawani zai mayar da shi cikin gari, bayan ganuwa, inda harsashi ba ya kaiwa.

Baffa ya daka masa tsawa. "Ajiye shi inda ka same shi! Kakana bai ja da baya ba."

"Sori, Baba, na ga kamar..."

"Bakin ƙofa!"

Ya mayar da shi. Sannan ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya yi watanni yana jin dabarar Baffa, sai ya tattara masu mashi duka ya afka ta hagu, kafin a gama kafa bindiga. Maɓallai suka ba shi fari huɗu. Masu jar dara uku suka faɗi. Ya sake watsawa, biyu suka ƙara faɗuwa. Tela ya yi kabbara. Direbobi suka miƙe tsaye. Abin da Baffa ya shekara ashirin yana cewa zai yiwu, ga shi yana yiwuwa, a kansa.

Baffa mutum ne da ba ya son a kayar da shi ko a musun kwanan wata. Na ga ya tuɓe hula ya ajiye, ya naɗe hannun riga. Ya fara jan sojojinsa baya, yana haɗa su kafaɗa da kafaɗa, yana ce wa Kawu, "Auna mini nan. A'a, daga nan, kada ka cuce ni." Waɗanda suka faɗi yana kwashe su da hagu don su ba shi wuri, bai ma tuna da gwangwani ba. Rana ta yi ja a kan rufin gidaje. Masu mashi suka kai taku ɗaya daga bindigar, mai bille yana tsaye a gefenta. In suka ƙara watsawa ɗaya, an gama da su.

"Yarana za su ƙare!" in ji Baffa, da ƙarfi. "Bindigar ta kafu ko ba ta kafu ba, ya najjar?"

"Ta kafu."

"To a buɗe wuta!"

Kawu ya miƙa zare daga bakin bindigar, ya ratsa ta kan masu mashi. Ƙullin ƙarshe ya sauka daidai ƙofar gabas, a ƙafar mai shuɗin rawani. Ya ce, a hankali, "Duk abin da ke kan zaren nan, Alhaji." Ban sani ba ko Baffa ya ji. Ya riga ya watsa. Maɓallai suka yi ƙara a faranti, suka kwanta. Fari biyar.

Baffa yana tsaye, hannunsa a sama yadda ya saki maɓallan, bakinsa a ɗan buɗe. Baban yarana ya sunkuya, ya ɗauki mai shuɗin rawani da hannu biyu, ya kwantar da shi a kan damansa yana kallon gabas, inda Makka take daga nan, ya ja farin ƙyalle ya rufe shi har tutar. Na ji yana cewa, "Allah ya jiƙansa."

Sai Kawu ya sa ƙafa ya turo gwangwanin madara har gaban Baffa. Ƙarar ƙarfe a kan siminti ta cika benen.

"Ga gwangwani, Alhaji. Naka suna hannunka."

Baffa ya dubi hannunsa na hagu. Soja biyar ne a ciki, ya damƙe su har gumi ya jiƙa su. Ya dubi gwangwanin. Ladanin unguwa ya ɗaga murya, na gaba da shi ya karɓa. Ba tare da ya ɗaga kai ba, Baffa ya ce wa baban yarana, "Kai. Shi kakan naku, yana salla?"

"Ladani ne a unguwarmu har ya rasu, Baba. Kakata ta ce bai taɓa ba da labarin ranar nan ba. In an tambaye shi sai ya tashi ya bar wurin."

Baffa ya zube su biyar ɗin a kan yashi, bai jefa ba, bai kuma kwantar ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki mai bille daga gefen bindiga, ya sa a aljihu, ya ɗauki hularsa. A bakin matattakala ya juyo ya ce wa Kawu, "Allah ya isa tsakanina da teburinka." Ya sauka.

Kwana goma sha tara ba mu ji daga gare shi ba. Ban karanta ko shafi ɗaya ba a kwanakin nan, don na gane babu littafin da ya san yadda wannan zai ƙare. Kawu yana zuwa shago yana dawowa, sai dai na lura ya daina fiƙe katako in yana shan shayi. Rana ta ashirin Baffa ya aiko matarsa ta gaya wa Umma a faɗa wa mutanen Zariya su zo ranar Asabar. Shi ya ɗaura auren da bakinsa. Amma benen Kawu bai ƙara hawa ba. Abota ta shekara hamsin, tun suna yara a bakin kogi a Maiwurno, ta koma "Salamu alaikum, ya gida?" a ƙofar masallaci. Na taɓa ce wa Kawu ni na jawo masa. Ya ce, "Uwata, kafinta ya san in zai haɗa katako biyu, dole wani wuri ya sha ƙusa." Daga shekarar nan kuma ya ɗauke gwangwanin, ya sa Hajja ta yanko farin ƙyalle na biyu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya fi benen nan iska, ya haɗa shi da waɗanda ya yi ta kwantarwa suna kallon alƙibla.

Bana shekara huɗu da rasuwarsa. Ƙofar ba ta koma ɗakin ajiya ba, Hajja da kanta ta ce a bar ta. Bayan an share makoki Baffa ya aiko da mota aka kai masa ƙofar har Waziriyya, tana tsakar gidansa a ƙarƙashin rumfa. Shi ne alƙali yanzu, ko da yake idonsa ya yi rauni, sai ya bi zaren da yatsa yana ƙirga ƙulli. Baban yarana ke kai shi masallacin Juma'a ya dawo da shi, suna tafe suna musu a kan dabarar hagu.

Watan jiya na kai masa sababbin sojoji da na yi wa fenti. Na same shi shi kaɗai a bakin tebur, da 'yar jakar ƙuri'a a cinya. Ya zazzage ta a tafinsa. Ƙwallo uku ne, biyu ja, ɗaya haka nan.

"A aljihun rigar kawunki aka sami na ukun," in ji shi. "Amma ni ban jira wannan ba. Tun ranar na sani. Fentin bai bushe ba, 'yata. Ya kama mini yatsa."

Na ce, "To, Baffa, me ya sa ka buga?"

Ya sa hannu ya lalubi aljihu. Ya fito da mai bille, wanda dararsa ta koɗe saboda shafa, ya tsayar da shi a kan yashi.

"Mutumin da bai taɓa cutar kowa da ko rabin ƙulli ba ya yi maguɗi a gaban jama'a saboda ke. Na ce bari in ga abin da yake so in gani." Ya goge ido da gefen rawani. "Na gani. Shi ne ban yafe masa ba sai da ya mutu. Ungo, sabunta masa darar. Kada ki taɓa fuskar."